Tiyata a waje, jinya a Garwa: abin da ke biyo bayan dasa waya a ƙwaƙwalwar mai cutar Parkinson

Iyalin da suka haɗa kuɗi suka fitar da dattijonsu waje don a yi masa aikin ƙwaƙwalwa saboda cutar Parkinson, lissafinsu yakan tsaya ne a ƙofar ɗakin tiyata. Kuɗin jirgi, biza, masauki, kuɗin asibiti, sai addu'ar Allah ya sa a fito lafiya. Da ya buɗe ido ya gane 'ya'yansa, sai a buga waya Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru, ko Njamena, a ce an gama. Alhali tsugune ba ta ƙare ba. Aikin kansa na sa'o'i ne. Abin da zai nuna ko miliyoyin sefan da aka kashe sun yi rana shi ne watanni shida na farko da shekarun da ke bayansu, kuma galibin wannan lokaci a gida za a yi shi, nesa da likitan da ya yi aikin.

Cutar tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa a hankali. Motsi ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, hannu ya kama karkarwa, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa. Wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana ta a 1817, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Tun ƙarshen shekarun 1960 babban maganinta shi ne lebodofa, wanda masu sayen magani a nan suka fi sani da sunan Modopar ko Sinemet. Shekarun farko yana riƙe mutum sosai. Daga baya ƙarfinsa ya riƙa gajarta: ƙwayar da ke kai shi daga hantsi zuwa azahar ta koma sakinsa bayan sa'a biyu ko uku. In ta sake shi ya daskare a tsakar gida, in ta kama shi da ƙarfi jiki ya riƙa murɗe-murɗen da ba shi ya sa kansa ba. A wannan gaɓa ce likitoci ke kawo maganar tiyata.

A birnin Grenoble na Faransa aka faro ta a 1987, a hannun likitan tiyata Alim-Louis Benabid da abokin aikinsa Pierre Pollak. A 1993 suka kai wayar wani ɗan gurbi mai zurfi da ake kira sabtalamas, wanda tsawonsa kusan santimita ɗaya ne, kuma har yau nan aka fi nufa. A takardun asibiti za ka ga an taƙaita sunan aikin da DBS, ko SCP idan da Faransanci aka rubuta. Ana huda ƙananan ramuka biyu a saman kai, a zura siririyar waya mai kaurin milimita ɗaya da 'yan kai a kowane ɓangare, a bi da ita ƙarƙashin fata ta bayan kunne, ta gangara wuya, ta haɗu da batir da aka binne a saman ƙirji. Batirin yana aika ɗan bugun lantarki wajen sau 130 a daƙiƙa, dare da rana, yana kwantar da hargitsin saƙonnin da rashin dofamin ya haddasa.

Aikin ba ya mayar da ƙwayoyin da suka mutu, ba ya tsayar da cutar. Ƙa'idar da likitoci ke bi mai sauƙi ce: abin da lebodofa ke gyarawa a sa'ar da ya fi kama mutum, shi wayar za ta gyara, ta kuma shimfiɗa wannan sa'a ta mamaye yawancin yini. Karkarwa ce kawai takan ji wayar ko da ta ƙi jin magani. Mantuwa, faɗuwa, sarƙewa wajen haɗiya, maganar da ba ta fita, waɗannan ba su cikin alkawarin. Likitocin Grenoble sun bi marasa lafiyarsu shekara biyar, suka wallafa sakamakon a 2003: sauƙin karkarwa da sandarewa ya ɗore, amma magana da daidaiton tsayuwa da daskarewar ƙafa sun ci gaba da lalacewa. Iyalin da aka faɗa wa wannan tun farko sun fi haƙuri da jinyar fiye da waɗanda suka tafi da niyyar dawowa da mutum garau.

Abin da ya fara ruɗar mutane daɗi ne. Shigar wayar kanta tana ɗan kumbura wurin da ta ratsa, kumburin nan kuma yana kwantar da alamomin cutar tun ba a kunna batir ba. Alhaji ya farka hannu ya daina rawa, ya ɗaga kofin shayi da kansa. A ɗauki bidiyo a tura wa dangi ta WhatsApp, gida ya kaure da guɗa. Bayan kwanaki ko 'yan makonni kumburin ya saɓe, karkarwa ta dawo inda take. Daga nan kuskure biyu ke fitowa. Wasu, ganin sauƙi ya samu kuma masauki na cin kuɗi, sai su tattara su hau jirgi tun ba a saita na'urar yadda ya kamata ba. Wasu kuma in alamomin suka dawo sai su ce aikin bai yi ba, an cinye musu kuɗi. Saboda wannan kumburi ne asibitoci da yawa ke jiran mako biyu zuwa huɗu kafin su fara saiti na sosai. Ni dai a ganina, wanda zai iya biyan kuɗin aikin amma ba zai iya zaman makonnin nan kusa da asibitin ba, lissafinsa bai cika ba. A sayi tikitin da za a iya ɗaga ranarsa. Ranar hawa jirgi ma likitan tiyata ne ke yanke ta, domin iska kan shiga cikin ƙoƙon kai lokacin aiki, sai ta baje tukuna. In an sauka Yawunde ko Duwala, gara a ƙarasa Garwa ta sama da a kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan a bi mota da ɗanyen ɗinki a kai.

Haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa, wanda ke samun mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, yawanci a asibiti yake bayyana. Wanda ke biyo mutum gida shi ne ƙwayar cuta ta shiga ciwon, abin da ke faruwa ga kusan uku zuwa biyar cikin ɗari, galibi a watannin farko, kuma ya fi yawa a aljihun fatar da batir ke ciki. Ƙwayar cuta in ta manne wa ƙarfe da roba, maganin sha da ƙyar yake fitar da ita. Sau da yawa sai an ciro batirin, wani lokaci har da wayoyin, a jira watanni a sake sabon aiki. Ka duba wannan da yanayinmu: zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, gumi a ƙarƙashin hula da babbar riga, ƙurar hunturu, ga 'yan dubiya ɗaki cike, kowa na son ya ga inda aka huda. Dubiya ibada ce, ba wanda zai hana ta, amma a kalla da ido kawai. Malamin da zai yi addu'a ya yi ta daga gefe, tofi kada ya sauka a kan ɗinki. Akan cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan ba a jiƙa wurin, kuma malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji wajen alwala. Hula ta zama wankakkiya, sakakkiya, rawani kada a ɗaure shi tam.

Akwai mutum ɗaya da takardar sallama ta asibitin Faransa ko Indiya ba za ta taɓa ambata ba: wanzami. Wayar tana kwance ne dab da fata, ana jin tudunta da yatsa. Askin aska a kan tudun nan, ko ƙaho da tsaga a ƙeya, wuya ko ƙirji, ƙofa ce a buɗe ga ƙwayar cuta, kuma wannan hani na har abada ne, ko bayan shekara goma. A yi aski da injin da ba ya cin fata, a nuna wa mai askin inda wayar ta bi. Mace kuma ta haƙura da kitso mai ja a wannan sashe, ta daina ɗora bokiti ko itace a ka. Makonni huɗu zuwa shida na farko ba ɗaukar nauyi, ba miƙa hannu sama da ƙarfi, ba hawa bayan ɗan mashin, don faɗuwa ko fizgar wuya na iya tsinka wayar.

Zazzaɓi a wurinmu sunansa ɗaya, na cizon sauro, in ya ƙi tafiya a ce taifot. Ga wanda aka dasa wa na'ura, kafin a ce komai a buɗe riga a duba ƙirji da bayan kunne. Ja, kumburi, zafi a wurin, ruwa ko mugunya na tsattsafowa, ko fata ta yi sirara har ƙarfe na leƙowa: a ɗauki hoto a tura wa asibitin da ya yi aikin a ranar, a kuma ga likita. Kafso da aka saya a tebur yana iya ɓoye alamar na mako biyu yayin da cutar ke hawa waya zuwa sama.

Sai saiti, inda gizo ke saƙa. Galibi kowace waya tana da bakuna huɗu ko takwas a ƙarshenta, inda wutar ke fita, likita na zaɓen wanda zai kunna, da ƙarfin wutar, da tsawon kowane bugu, da yawansa. In wuta ta yi kaɗan cutar na nan. In ta yi yawa ko ta malala gefe, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, hannu ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura, ido ya ga abu biyu-biyu ko fatar ido ta ƙi buɗuwa. Karkarwa da sandarewa suna amsawa cikin daƙiƙoƙi a gaban likita, amma tafiya da magana da halin zuciya sai bayan kwanaki suke nuna abin da aka yi musu. Shi ya sa ba a gama shi a zama ɗaya. Kamar kayan da aka ɗaure a kan babbar mota ne, komai ƙwarewar mai ɗaurin sai an taɓa tafiya igiya ta saki, a tsaya a sake ja. Wata uku zuwa shida akan ɗauka kafin a daidaita.

A nan ladabinmu yana cutar da mu. Likita ya ce, "Alhaji, ya jikin?" Alhaji ya ce, "Da sauƙi, Dokta, alhamdu lillahi." A fito waje Hajiya ta ja ɗanta gefe ta ce, "Baban naku fa tun shekaranjiya ba ya iya juyawa a shimfiɗa, sai na tura shi." Likitan bai ji wannan ba, ya bar saiti yadda yake. Godiya ga Allah na nan a wurinta, amma mai saiti ƙorafi yake nema dalla-dalla: ƙarfe nawa aka sha magani, ƙarfe nawa ya sake shi, wace ƙafa ke maƙalewa a bakin ƙofa, sau nawa ya sarƙe da ruwa. A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubutawa, a ɗauki gajeren bidiyon tafiyarsa da safe da yamma. Kuma ɗan da ya iya Faransanci ko Turanci, wanda a zaure kawai yake ganin mahaifinsa, kada ya zama shi kaɗai ne bakin iyali. Wadda ke kwana da mara lafiya ta fi kowa sani. Wasu abubuwan ma, fitsari, bayan gida, sha'anin shimfiɗa, dattijo ba zai faɗe su a gaban ɗansa ba ko za a yanka shi, sai a ba shi ɗan lokaci shi da likita da tafinta wanda ba ɗan gida ba.

To wa zai yi saitin bayan an dawo? Likitocin ƙwaƙwalwa na Kamaru mafi yawansu a Yawunde da Duwala suke, kuma ba kowane likitan ƙwaƙwalwa ke da kwamfutar saiti ba. Manyan kamfanonin na'urar, Medtronic da Abbott da Boston Scientific, kowanne da tasa kwamfutar, ta wannan ba ta buɗe batirin wancan. Akwai saiti daga nesa ta intanet: Abbott ya samu izinin nasa a Amurka a 2021, kamfanonin Sin irin PINS da SceneRay su ma suna yi. Amma sai an tabbatar tsarin yana aiki a ƙasar da mutum yake, sai kuma intanet da ba ya yankewa a tsakiyar zama. Wannan tambaya kafin aiki ake yin ta, domin ita ya kamata ta zaɓi kamfanin, ba sunan da ya fi ƙara ba. Kafin a baro asibiti a roƙi likita ya ajiye saiti biyu ko uku a ƙaramin rimot ɗin mara lafiya, da iyakar da za a iya ƙarawa ko ragewa, don in aka kira shi a waya ya ce a koma na biyu, a koma.

Magani kuwa ba a rabuwa da shi. Idan sabtalamas aka nufa, akan rage kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, a hankali, cikin watanni. Idan wani gurbin ne daban da ake kira falidum, ragin kaɗan ne. Yanke lebodofa gaba ɗaya dare ɗaya na iya kashe mutum, don haka a riƙa ajiye na wata biyu ko uku a gida, tunda kantin magani na iya wayar gari babu. A sha shi rabin sa'a kafin abinci ko sa'a ɗaya bayansa, saboda nama, kilishi, kifi, wake da kindirmo suna tare masa hanya a hanji. Akwai magungunan da ke toshe dofamin waɗanda ake bayarwa a asibitocinmu kullum ba tare da mugun nufi ba: Primpéran na amai, Haldol da Largactil na ruɗewa. Ɗan jinya ya haddace sunayen nan uku. Azumi kuma, mai shan magani sau huɗu ko biyar a yini, a shekarar da ake tsaka da saiti, shari'a ta yi masa rangwame. Ya zauna da likitansa da malaminsa kafin watan ya kama.

Ɓangaren da ba a cika faɗa wa iyali ba shi ne hali. Gurbin sabtalamas ƙarami ne, sashen motsi na maƙwabtaka da sashen zuciya da sha'awa. Wuta in ta ɗan zarce, mutum mai kawaici ya koma mai surutu da saurin fushi, barci ya ragu, hannu ya buɗe da kyauta, ya fara shirin sayen fili ko ƙarin aure. In kuma aka rage magani da gaggawa, sai akasin haka: jiki ya saki amma ya zauna shiru a kujera, ba ya son kasuwa, ba ya son masallaci, ba ya son jikoki. A gida za a ce sammu ne, ko iska, ko girman kai ya same shi tunda ya je Turai. Sau da yawa ɗan gyaran saiti ko na magani ke warware shi. Binciken cibiyoyi da dama da aka wallafa a 2008 ya nuna haɗarin mutum ya kashe kansa ya fi yawa a shekarar farko bayan aikin, don haka kalma irin "na gaji da duniya" ba ta wucewa haka nan, a kira likita. Likitocin Faris kuma sun rubuta a 2006 cewa aure da yawa sun shiga tangal-tangal bayan jiki ya samu sauƙi. Ba abin mamaki ba ne. Matar da ta shekara goma tana ba shi abinci a baki, ɗan da ya riƙe shago ya saba da yanke hukunci, yau maigida ya miƙe yana neman makulli da littafin bashi. Shawarata: a yi yarjejeniya tun kafin tafiya, a gaban wani babba da Alhaji ke jin nauyinsa, cewa ba sayar da gida, ba sabon aure, ba babban ciniki har saiti ya zauna.

Ƙiba ma tana zuwa, kilo da yawa a shekarar farko, tunda jiki ya daina ƙona ƙarfi a karkarwa kuma cin abinci ya buɗe. 'Yan dubiya za su ce ya murmure, amma a riƙa awon nauyi da sukari da hawan jini. Faɗuwa kan ƙaru ga wasu, domin ƙafa ta yi sauri alhali daidaito bai gyaru ba. Tafiyar ƙafa da sanyin safiya, karatu da ɗaga murya kullum, ƙarfen dafawa a banɗaki, kujera a kan masai na tsuguno, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanya.

Na'urorin da za a kiyaye ba su da yawa. Injin gasa jiki mai zurfi da wasu masu gashin ƙashi ke amfani da shi, wanda ake kira dayatami, haramun ne gaba ɗaya, yana iya ƙona ƙwaƙwalwa ta bakin wayar. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da injin maganaɗisu, sai da sharuɗɗan kamfani da sanin likita. Sikana da hoton ƙashi ba matsala. Walda a bar wa yara. A filin jirgi, ko ƙofar masallaci da banki inda ake shafa wa mutane sandar bincike, a nuna katin na'ura a nemi a laluba da hannu. Wayar salula a fitar da ita daga aljihun ƙirji na ɓangaren batir.

Batir iri biyu ne. Wanda ba a caji yana kai shekara uku zuwa biyar, sannan a yi ƙaramin aiki a sauya. Wanda ake caji ta saman fata yana iya kai shekara 15, amma yana son wuta a kai a kai, wani kullum na ɗan lokaci, wani sau ɗaya ko biyu a mako. Mutumin Garwa ko Kuseri ko Njamena ya san yadda wuta ke yi a bazara, sai dai ƙaramin faifan sola da batirin ajiya sun isa cajin abin cajin. Na fi karkata ga mai caji a wurinmu, domin kowace sauyawa tafiya ce ta ƙetare da sabon haɗarin ƙwayar cuta, amma da sharaɗi: a samu mutum ɗaya takamaimai da cajin ke wuyansa. Dattijon da mantuwa ta fara kamawa, a gidan da kowa ke zaton wani ya yi, gara a sa masa wanda ba a caji.

Dalilin wannan tsanani shi ne abin da ke faruwa in na'urar ta mutu kwatsam ga wanda ya shekara da shekaru a kanta. Wasu alamomin kawai ke dawo musu. Wasu kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu jiki ya sandare, haɗiya ta gagara, zazzaɓi ya hau, hankali ya gushe, kuma ƙarin lebodofa ba lalle ya fitar da su ba sai an maido da wutar. Mu muna cikin yankin sanƙarau. Mutum mai zazzaɓi da sandararren wuya a watan Afrilu, ma'aikacin asibiti zai fara tunanin sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai, kuma da gaskiyarsa, dole a bincika su. Sai dai in ba a gaya masa akwai batir a ƙirji ba, ba zai duba ba. Abu na farko da ɗan jinya zai yi shi ne ya ɗora rimot ya ga ko na'urar a kunne take. A riƙa duba ƙarfin batir kowane wata, a fara neman biza da kuɗin sauyi tun rimot bai nuna gargaɗi ba. A kuma rubuta takarda da Faransanci mai ɗauke da sunan kamfani, lambar batir, ranar dasawa, saitin da ake kai, jerin magunguna da lambar asibitin da ya yi aikin: kwafi ɗaya a aljihun mara lafiya, ɗaya wurin uwargida, ɗaya a wayar ɗan da ke zaune a garin.